Daga Masana'anta Zuwa Shago: Yadda 'Yan Kasuwa Ke Shigar da Intanet Cikin Tafiyar Kaya



Shugaban wannan zama, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu shugabannin kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, malamai abokan aiki, ɗalibai maza da mata, da duk wanda ya bar shagonsa ko ofishinsa ya zo, barkanmu da warhaka. Ina godiya ga masu masaukinmu da suka ga dacewar a zauna a kan wannan batu, suka kuma ba ni damar in buɗe shi.

Maudu'in da aka ba ni shi ne yadda kamfanoni da 'yan kasuwa ke shigar da fasahar intanet cikin harkar tafiyar da kaya, tun daga inda aka noma abu ko aka ƙera shi har ya iso hannun mai amfani da shi. Duk buhun shinkafa ko katan ɗin sabulu da ka gani a shago ya ratsa hannaye da yawa: manomi ko masana'anta, mai sito, mai mota, dila, ɗan sari, sannan mai shago. A tsakanin hannayen nan abu uku ne ke yawo. Kaya suna gangarowa, kuɗi suna haurawa, labari kuma yana kai da komo. Intanet ba ta ɗaukar buhu, har gobe sai an nemi ɗan dako da tirela. Labari take ɗauka, sai kuma kuɗi a 'yan shekarun nan. Matsayar da zan kare a gabanku ita ce, sayen na'ura da manhaja shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Inda gizo ke saƙa shi ne ko mutanen da ke cikin jerin nan za su yarda su nuna wa juna littafinsu, da kuma ko abin da ke cikin littafin gaskiya ne. Zan bi batun ta gaɓoɓi shida.

Na ɗaya: ciwon da ake nema wa magani

Mu ɗauki mai shago a wata unguwa, a ce Kurna ko Ɗorayi, wanda ya saba sayar da katan 10 na taliya a mako. Wani mako aka yi biki biyu a layinsu, ya sayar da 13. Da ya shiga kasuwar Singa sari sai ya ce a ɗora masa 15, don kada kaya su yanke masa. Ɗan sarin ya ga masu shago uku ko huɗu sun ƙara, ga azumi na matsowa, ga raɗe-raɗin za a ƙara kuɗi, sai ya ninka odarsa wurin dila. Shi kuwa dila ya san halin kamfani: in kaya suka yi ƙaranci, wanda ya nemi tirela huɗu biyu ake ba shi. Biyu yake so, don haka ya rubuta huɗu. A can masana'anta manaja ya ga oda ta taru, ya ƙara masu aikin dare, ya sa aka yi odar alkama daga waje. Bayan wata biyu kowane sito ya cika maƙil, kuɗin kowa ya kwanta a kaya, ana ta karya farashi don a rabu da su. Alhali mutanen unguwa taliyar da suka saba ci ita suke ci. To, wa ya yi wauta a cikinsu? Babu. Kowa ya yi abin da hankali zai ba shi, gwargwadon ɗan abin da idonsa ke gani.

Masana suna kamanta wannan da bulala: hannu ya ɗan motsa kaɗan, bakinta ya yi tsalle mai nisa. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya lura da haka a cinikin ƙunzugun jarirai na Pampers. Buƙatar jarirai ba ta wani sauyawa daga wata zuwa wata, amma odar da ke isowa masana'anta sai hawa da sauka take yi. A 1997 Farfesa Hau Lee na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa biyu suka fitar da nazarin da ya zayyana dalilai huɗu: yin hasashe da odar na ƙasa da kai maimakon cinikin gaskiya, tara oda a ba da ita a dunƙule, hawa da saukar farashi, da kumbura oda saboda tsoron rabo. Duk huɗun kun gan su a labarin taliyarmu.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke ci. Kamfanin Cisco, wanda ke ƙera na'urorin da intanet ɗin kanta ke gudana a kansu, kuma ake buga misali da shi wajen haɗa masu kawo masa kaya ta intanet, a 2001 sai da ya soke kaya na sama da dala biliyan 2 daga lissafinsa. Masu saye sun gaji da jira, suna ba da oda iri ɗaya a wurare biyu ko uku da niyyar su karɓi wadda ta fara isowa. Na'ura ta tattara duka ta ɗauka buƙata ce ta gaske. Maganin ciwon nan dai shi ne na sama ya ga abin da aka sayar a ƙasa a ranar da aka sayar da shi, ba jita-jitarsa ba bayan ta ratsa baki huɗu.

Na biyu: me intanet ta sauya?

Musayar takardun ciniki tsakanin kwamfutoci ta girmi shafukan intanet nesa ba kusa ba. Tun shekarun 1960 da 1970 kamfanonin jiragen ruwa da na ƙasa da manyan motoci a Amurka suka fara tsarin da ake kira EDI, inda takardar oda da ta lodi da ta biyan kuɗi ke fita daga kwamfutar wannan kamfani ta shiga ta wancan. Lambar nan mai zane-zane da ke jikin kaya kuwa, a watan Yunin 1974 aka fara karanta ta a wani kanti da ke garin Troy na jihar Ohio, a jikin fakitin cingam. Sai dai EDI a kan layukan haya masu tsada yake tafiya, sai manya. Da cibiyar CERN ta sakar wa duniya fasahar shafukan intanet kyauta a 1993, ƙofa ta buɗe. A 1994 kamfanin FedEx ya ba kowa damar bin sawun kayansa a shafinsa. A 1996 kamfanin Dell ya fara sayar da kwamfuta ta intanet: sai ka ba da oda a haɗa maka, masu kawo masa sassa kuma suna ganin abin da ake buƙata, shi ya sa kayan 'yan kwanaki kawai yake ajiyewa yayin da abokan hamayyarsa ke ajiye na makonni.

Kuɗin shiga ne ya faɗi, har ya zama wayar da ke aljihunka ta isa. Ko kafin wayoyin su samu intanet ma an ga tasirinsu a nan kusa da mu. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ɗin waya ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya ji farashin gero, yanzu kira ɗaya ya ishe shi.

Kamfanoni ba sa afkawa gaba ɗaya. Ana farawa da nuna kaya da farashi, sai karɓar oda da kuɗi, sai bin sawun mota a hanya, can ƙarshe a kai ga buɗe wa abokin hulɗa lissafin sito. Alhazan Kantin Kwari, ku da kuke tura bidiyon atamfa da shadda ta WhatsApp zuwa Maraɗi da Yamai da Kumasi, ku jira alat, sannan ku tura hoton webil da lambar direba, ai kun riga kun taka mataki biyu da rabi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya shigar da har waɗanda suka rantse ba za su karɓi taransifa ba. Mataki na ƙarshen ne ya rage, kuma shi ne mai wuya.

Na uku: wa ke tura mutane ciki?

A littattafai za ka karanta cewa kamfani yana auna amfanin fasaha sannan ya zaɓa. A zahiri, galibi babban mai saye ne ko hukuma ke cewa ga yadda za a yi, wanda bai bi ba ya nemi wata kasuwa. Walmart, kantin da ya fi kowane girma a Amurka, ya haɗa kai da Procter & Gamble tun ƙarshen shekarun 1980 a kan cewa shi mai ƙera kayan ya riƙa duba abin da ya ragu ya cike da kansa. A farkon shekarun 1990 ya kafa Retail Link, daga baya ya ɗora shi a intanet, inda mai kawo kaya ke ganin nawa aka sayar na kayansa a kowane reshe. A 2002 ya umarci masu kawo masa kaya su mayar da EDI ɗinsu kan intanet, suka bi. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A 2003 ya ce manyan masu kawo masa kaya 100 su manna wa katan-katan ɗinsu wani ɗan tambari mai aika sigina, RFID, kafin Janairun 2005. Wannan karon tafiyar ta yi ta jan ƙafa. Me ya bambanta su? A na farko mai kawo kaya ya samu labarin ciniki da a da ko da kuɗi ba zai samu ba. A na biyu shi ne zai biya kuɗin tambarin, amfanin kuma akasari na kantin ne. Ƙarfi yana sa a sa hannu a takarda, amma ba ya sa mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya a kan abin da bai ga rabonsa a ciki ba.

Mu ma a nan tilas ɗin tana zuwa. Duk mai shigo da kwantena ya san takardun kwastam da na banki a intanet ake cike su. Tun Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta ce motar da za ta shiga tashar Apapa sai ta yi rajista a manhajar Eto ta jira a kira ta. Tashar tsandauri ta Kaduna da aka buɗe a 2018, da ta Dala da ke Zawaciki da aka buɗe a 2023, amfaninsu ya rataya ne a kan takardun kwantena su riga ta isowa.

Sai kuma tilas daga masu sayen amfanin gonarmu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Manomin da bai taɓa zuba wa wakensa komai ba ya sha hukunci ɗaya da wanda ya zuba, domin babu hanyar da za a ce buhun nan daga sito kaza ya fito. Walmart ya taɓa gwada bin asalin fakitin yankakken mangwaro ta hanyar takardu da kiran waya, sai da aka kusa cinye kwana bakwai. Da aka sa kowane hannu ya riƙa shigar da bayaninsa a rumbu ɗaya, aka gano gonar cikin daƙiƙa 2.2. Masu fitar da riɗi da zoɓo da citta daga kasuwar Dawanau, tambayar da za ku riƙa sha nan gaba ke nan: daga wace gona, wa ya ajiye, me aka zuba?

Na huɗu: amana

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne manyan kuɗi suka nutse. A shekarar 2000 kamfanonin motoci General Motors da Ford da DaimlerChrysler suka haɗu suka kafa wata kasuwar intanet mai suna Covisint, da nufin duk sassan mota a nan za a riƙa sayensu. Masu ƙera sassan suka leƙa suka ga gwanjo ne ake yi na wanda zai fi karya farashi, kasuwar kuma mallakar masu sayen ce. Suka ja baya. Zuwa 2004 an sayar da ita. Bayan shekaru, a 2018, Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak, ya haɗa kai da kamfanin IBM suka kafa TradeLens don a daina yawo da takardun kwantena hannu da hannu. Fasahar ta yi aiki. Amma a ƙarshen 2022 suka sanar da rufe shi, suka ce ba a samu haɗin kan dukkan masu harkar ba. Ina tambayarku, Alhazai: wane ne a cikinku zai zuba sunayen kwastomominsa da farashinsa a rumbun da babban abokin hamayyarsa ke riƙe da makullinsa?

Kakanninmu sun warware wannan matsala tun kafin a san lantarki. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro ke tafiya. Falke ya iso da shanu daga Arewa ya sauka a wurin mai gida. Dillalin mai gidan ya sayar wa mahauta bashi, babu takarda babu sa hannu. Mai gida ya san wane mahauci ne ke biya, wane ne ke da taurin bashi, kuma in kuɗi suka maƙale shi ne zai tsaya. La'adar da ake ba shi kuɗin labari ne da kuɗin lamuni a haɗe.

Shi ya sa nake jan hankalin matasanmu masu rubuta manhaja. Sau da yawa za ka ji ana cewa za a kawar da dillali a haɗa manomi da mai saye kai tsaye. To, in ka kawar da shi, wa zai zura hannu cikin buhu ya tabbatar na ƙasa daidai yake da na sama? Wa zai ba mai shago kaya ya ce kawo kuɗin ran Juma'a? Wa zai tashi tsakar dare in motar tumatir ta lalace tsakanin Kwanar Gafan da kasuwar Mile 12, ya nemo wata a juye kwanduna kafin rana ta yi? A shekarun baya an kafa kamfanoni da dama a Afirka a kan wannan harka: Kobo360 mai haɗa masu kaya da masu manyan motoci, TradeDepot da OmniRetail masu kai wa ƙananan shaguna kaya, Twiga a Kenya mai harkar kayan gwari. Darasin da fagen ya koyar shi ne ribar kayan masarufi siririya ce, direba yana son kuɗin mai yau, babban kamfani kuma sai bayan makonni yake biya. Wanda ya shiga tsakani dole ya ɗauki nauyin da mai gida ke ɗauka, da jarinsa. Wasu sun rage ma'aikata, wasu sun haɗe, kamar Wasoko na Kenya da MaxAB na Masar a 2024. A ganina manhajar da za ta zauna da gindinta a kasuwanninmu ita ce wadda ta zama kayan aikin dillali da ɗan kamasho, ta sa abin da suke riƙe da ka ya koma rubuce. In kuma za a ba da kaya bashi ta manhaja, a fayyace wa mutane tun farko ko akwai kuɗin ruwa a ciki, domin da yawa daga cikinmu a kan wannan kaɗai za su juya baya, kuma suna da hujja.

Na biyar: ƙofar da ka buɗe wa aboki, ɓarawo ma ya gan ta

A watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya, wadda ta ɓulla daga Yukiren, ta shiga kwamfutocin Maersk ta kashe su cikin ɗan lokaci. Tashoshi suka tsaya, motoci suka yi layi a ƙofa. Sai da aka sake ɗora manhaja a kwamfutoci kusan 45,000, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kamar yadda aka ruwaito, kwafi ɗaya tak na rumbun da ke riƙe da sunayen masu shiga tsarin ya tsira, a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso, na'urar ba ta haɗe da sauran. Duk wanda zai mayar da littafinsa cikin waya, ya ajiye kwafi a wani wuri dabam, kuma kada lambar sirri ta zama a hannun yaro ɗaya.

Na shida: littafin kansa

Kamfanin Target na Amurka ya shiga Kanada a 2013 da sabon tsarin kwamfuta da manyan rumbunan ajiya. Ma'aikata suka shigar da bayanan dubban kayayyaki cikin gaggawa: an sa tsawo a gurbin faɗi, an sa inci a gurbin santimita, an rubuta adadin da ke cikin katan ba daidai ba. Rumbuna suka cika har suna ambaliya, kantuna kuma babu kaya a kan kanta. A Janairun 2015 kamfanin ya sanar da rufe dukkan shagunansa 133 a ƙasar. Jari bai gaza ba, na'ura ma ba ta gaza ba. Abin da aka ba ta shi ta yi aiki da shi.

Mu dawo gida. Ka shiga sitonka gobe da safe da littafi a hannu. Littafi ya ce katan 40 na madara, ka ƙirga ka samu 34. Yaro ya ce biyu Hajiya ta aiko an kai gida, uku an ba maƙwabci aro da kwastoma ya matsa masa, ɗaya kuma ya jiƙe an ajiye shi gefe. Babu sata a ciki, amma babu ko ɗaya da aka rubuta. In ka ɗauki 40 ɗin nan ka zuba a manhaja, ka kuma buɗe wa dila ya gani, to ka aika masa da kuskure cikin sauri fiye da da. Saboda haka ga inda nake ba da shawarar a fara, kuma ba ya cin ko kwabo. Kowane kaya ya samu suna ɗaya, kada yaron safe ya rubuta "madara babba", na yamma ya rubuta sunan kamfani. Duk abin da ya fita a rubuta shi a lokacin, har na gida da na aro. A ware rana ɗaya a mako a ƙirga a gwada da littafi. In an yi wata uku lissafi na haɗuwa, sannan a nemi manhaja, kuma a fara da dila ɗaya da aka yarda da shi, a kan kaya biyar ko goma da suka fi tafiya.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi nake miƙa wa shugabannin kasuwa da ke zaune a nan. Buhu a wannan layi ba lallai ya yi nauyin buhu a wancan layi ba, kwando da tiya ma haka. Mai saye a Legas ko Dubai ba zai iya ba da oda ta intanet a kan ma'aunin da ke sauyawa daga rumfa zuwa rumfa ba. In ƙungiyar masu riɗi ko masu wake ta zauna ta tsayar da nauyin buhu a kilo, da darajojin kaya na ɗaya da na biyu, da lambar da za a riƙa rubutawa a jikin buhu mai nuna sito da ranar ɗinki, ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta da ke bayan zauren nan za su iya gina sauran. Ina fata kafin a tashi a samu waɗanda za su yi musayar lambar waya a kan wannan.

Shugaban zama, a nan zan dakata.  Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ina sauraron tambayoyinku da gyare-gyarenku, musamman daga iyayenmu da suka daɗe a cikin harkar sari da lodi.